"Get": ƙaramar kalma mai kaya niƙi-niƙi

Watannin baya Baffana ya je wani asibiti a Jidda saboda hawan jini. Ya haura shekara 40 a ƙasar nan ta Saudiyya, Larabcin Hijaz a bakinsa kamar a nan aka binne cibiyarsa, amma Turanci ko "zo in kashe ka" bai sani ba. Jikansa ne ya raka shi, saurayi ɗan shekara 19 da ya yi Turanci a makaranta, yana kuma ji daidai gwargwado. Likita ya canza wa Baffa magani. Ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙasar Filifin, ta miƙo ledar maganin, ta yi bayani da sauri saboda layi ya yi tsawo a bayansu: ƙwaya ɗaya kowace safiya, tsohon maganin da ke gida kuma a ajiye shi, kada a ƙara sha. Da ta kai aya sai ta dubi yaron ta ce, "Did you get it?" Yaro ya dubi ledar da ke hannunsa, ya ce, "Yes, we got it."

Ita tana tambayarsa ne ko ya gane bayanin. Shi kuma ya amsa mata cewa e, magani ya shigo hannu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba kuma wanda ya karya nahawu. Kwana uku Baffa yana haɗa tsoho da sabo, har jiri ya ɗebe shi a hanyar masallaci da asuba, maƙwabta suka riƙo shi zuwa gida. Allah ya taƙaita abin. Da na zauna da yaron yana ba ni labarin yadda aka yi, idonsa ya cika da ƙwalla, yana cewa, "Kawu, wallahi na san kalmar, tun firamare na san ta. Samu ke nan." Na ce masa, "Ɗana, ba ka yi laifi ba. An ba ka kashi ɗaya ne cikin goma, aka ce maka shi ke nan duka."

Tun daga ranar na mayar da wannan kalma darasin farko ga samarin da nake koya wa Turanci bayan sallar isha'i. Yawancinsu ma'aikatan otal ne a kusa da Harami, ko direbobi, ko masu yi wa alhazai tafinta a lokacin aikin Hajji. Larabci ba ya ba su wahala. Amma a ƙasar nan duk wanda zai shiga asibiti, ko filin jirgi, ko babban otal, zai haɗu da ɗan Indiya da ɗan Filifin da ɗan Pakistan, kuma sau da yawa Turanci ne gadar da ke tsakani. A cikin wannan Turanci na baka, babu aikatau da zai riƙa dukan kunnenka kamar "get". Masu ƙamus na Oxford da suka ƙirga kalmomin da aka fi amfani da su sun sa shi na biyar a jerin aikatau, bayan "be" da "have" da "do" da "say". Wato yana gaban "go", yana gaban "make", yana gaban "see".

Matsalar ta fara ne daga ranar da aka ce wa ɗalibi "get" shi ne samu. Gaskiya ne, amma kamar a tambaye ka ma'anar "ci" ne ka ce sa abinci a baki. To ina za ka kai cin jarrabawa, da cin zaɓe, da cin bashi, da cin amana, da cin sarauta, da kasuwa ta ci, da wuta ta ci gida? Yaro ɗan shekara bakwai a unguwar Shara Mansur ta Makka ya san cewa wanda ya ci riba bai tauna komai ba. Bai haddace jerin ma'anoni ba. Kunnensa ne ya saba jiran kalmar da ke biye, ita ce ke gaya masa wane irin ci ake nufi. Wannan dabarar da muka tashi da ita, ita ce dai ake bukata a nan. Shi ya sa nake jin ciwo idan Bahaushe ya ce min "get" ta gagare shi. Mu da muka mallaki ci da sha da ji da yi, bai kamata wannan ta razana mu ba.

Sanin hali ya fi sanin kama. Halin "get" guda ɗaya ne duk inda ta shiga: tana nuna sauyi. Ɗazu babu, yanzu akwai. Ko dai abu ya shigo hannunka, ko kai ka shiga wani hali, ko ka isa wani wuri. Abin da ya biyo bayanta shi zai nuna maka wanne ne daga ciki.

Idan suna ne ya biyo, ga samun da aka koya mana nan. "I got my salary", albashi ya shigo. "She got a visa", ta samu biza. Amma ko a nan ma akwai rassa, domin kalmar ba ta damu da yadda abin ya zo ba. Ko saya ka yi, ko kyauta aka ba ka, ko karɓowa ka yi, ko faɗo maka ya yi ba ka nema ba, duk ɗaya ne a wurinta. Idan abokin aikinka ya nuna agogonka ya ce "Where did you get it?", yawanci tambayarsa ita ce ina ka saya. Idan likita ya ce "You got an infection", ba ya nufin ka yi wani samu, cuta ce ta kama ka. Lura da yadda harsunan biyu suka juya abin: a Hausa mura ce ke kama mutum, a Turanci mutum ne ke "samun" mura.

Reshen da ya fi amfani ga ma'aikaci shi ne na aike. "Get me some water", "Get the key from reception", "Go and get your brother". A nan Hausa tana da wata baiwa da Turanci ba shi da ita. Mu wasalin "o" kawai muke liƙa wa ƙarshen aikatau, sai ya zama an je an dawo da abu: saya ya koma sayo, ɗauka ya koma ɗauko, kira ya koma kirawo, ɗiba ya koma ɗebo. Bature ba shi da wannan wasalin, sai ya ɗora wa "get" aikin gaba ɗaya. Duk inda a Hausa za ka ce ɗauko, ko sayo, ko karɓo, ko samo, ka gwada "get", da wuya ka faɗi. Ita ce "jib" ɗin da Balarabe ke cewa idan ya aike ka.

Daga riƙe abu a hannu aka tsallaka zuwa riƙe shi a ƙwaƙwalwa, kuma a nan ne jikan Baffa ya yi tuntuɓe. "Do you get it?" da "Did you get that?" da "Got it?", idan sun zo bayan wani ya gama yi maka bayani, ma'anarsu ka gane. "I don't get it", ban gane ba. "Don't get me wrong", kada ka yi mini mummunar fahimta. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Muna cewa ɗalibi yana ɗaukar karatu, muna cewa wane ya ɗau haske, alhali ba wanda ya ɗora komai a ka. Abin da ya sa lamarin asibitin ya yi tsanani shi ne ma'anonin biyu sun haɗu a wuri guda: ga bayani an yi, ga leda an miƙa, kuma "it" na iya komawa ga kowanne. A irin wannan wuri ina hana ɗalibaina amsawa da "yes" tsurarta. Ka maimaita abin da ka ji da bakinka: "One tablet in the morning, and stop the old one?" Idan ba ka gane ba, ka raba ma'anonin da kanka: "I got the medicine, but I didn't understand how to take it." Babu ma'aikaciyar jinya ta kirki da za ta ji haushin wannan. Kunyar tambaya a gaban layi ta fi sauƙi a kan kwanan asibiti.

Idan sifa ce ta biyo bayan "get", samu ya fita daga zancen kwata-kwata. An koma zama. "He got angry", ya fusata. "It's getting dark", duhu ya fara yi. "She's getting better", tana samun sauƙi. "It got worse", abin ya ƙara tsananta. Ga waɗanda suka yi nahawun Larabci a makaranta, hanyar da na ga ta fi saurin shigar da su ita ce babin kana da 'yan uwanta. "Be" ita ce kana, tana ba da labarin halin da ake ciki. "Get" ita ce sara, tana ba da labarin shiga halin. Da zarar na faɗi haka sai in ga kawuna suna gyaɗawa. "He was tired", a gajiye yake. "He got tired", ya gaji, da can da ƙarfinsa. "They are married", ma'aurata ne. "They got married", an ɗaura musu aure. Wanda ya cika takarda ko ya amsa tambayar jami'i ya kamata ya san bambancin nan, domin ɗaya matsayi take faɗa, ɗaya aukuwa.

Akwai guda a wannan babi da nake jan kunne a kanta kowace shekara kafin alhazai su iso. A Mina, inda tantuna suke kama da juna kamar an tsaga kara, ba a rasa dattijon da zai fita jifa ya kasa gane hanyar komawa. "He got lost" ke nan, ya yi ɓatan kai. "Don't get lost" kuma nasiha ce mai kyau. Amma idan ka cire "don't" ka ce wa mutum "Get lost!", ka ce masa ɓace min da gani. Zagi ne, kuma mai zafi. Kalma ɗaya ce tsakanin kula da mutum da korarsa.

Daga nan sai wani gini da ya yi kama da wannan, wanda nake ganin Bahaushe ya fi kowa damar gane shi. Masana biyu, Philip Jaggar da Malami Buba, sun yi nazari a 2009 a kan yadda Hausa ke faɗaɗa ma'anar ci da sha. Abin da suka fitar shi ne, ci yana tafiya ne da rinjaye, sha kuma da abin da ya auka wa mutum. Ka ci gari da yaƙi, ka ci wasa, ka ci zaɓe. Amma wahala shan ta ake yi, haka duka, haka kaye, haka ɗauri. To "get" tana yin aikin duka biyun. A "he got the job" tana kusa da ci. A "he got beaten" kuwa sha ce tsantsa: ya sha duka. "He got caught", ya shiga hannu. "He got fired", an kore shi daga aiki. "They got deported", an tasa ƙeyarsu gida. Waɗannan kalmomi ne da duk mazaunin ƙasar nan ya san nauyinsu, kuma ya kamata ya gane su idan ya ji ana faɗa a wurin aiki. Ba kullum ne abin yake zama mummuna ba, domin ana cewa "I got paid" da "she got promoted", an biya ni, an ƙara mata girma. Amma ko a nan, abin ya zo wa mutum ne daga hannun wani.

Sai zancen wuri, wanda ba shi da wani lauje cikin naɗi. "Get to" isa ne, wasal a bakin Balarabe. Baƙo a otal zai tambaye ka, "How do I get to the Haram?", wato ta ina zan bi in isa. "We got to Madinah at night", da dare muka isa. Abin kiyayewa kaɗan ne: "home" da "here" da "there" ba sa karɓar "to". Ana cewa "I got home", ba a cewa "I got to home".

Hawa da sauka ne ke ɗan rikita direbobinmu. Jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018, wanda ke cin kilomita 450 tsakanin Makka da Madina ta Jidda, "get on" ake yi masa, a kuma yi "get off". Haka bas, haka jirgin sama. Ƙaramar mota da tasi kuwa "get in" da "get out". Ma'aunin da nake ba su shi ne: abin da za ka iya miƙewa tsaye ka taka a cikinsa, ko wanda ake hawa a ware ƙafa kamar babur da raƙumi, "on" ne. Wanda sai ka sunkuya ka shiga ka zauna, "in" ne. Direban da ke sauke fasinja kuma ya yi hattara da "Get out", domin ita kaɗai ba tare da tausasawa ba kora ce. "You can get out here, sir" ta fi dacewa da bakin mai neman halak.

Yanzu ga inda nake daɗewa a aji. Wanda ya gama sa'ayi a Marwa zai nufi shagon aski, ya fito ya ce, "Na yi aski." Kowa ya san ba shi ya riƙe askar ba. Hausa ba ta damu ta bambance ba. Turanci ya damu. "I shaved my head" na sa mai sauraro ya ɗauka da hannunka ka yi. Idan wanzami ne ya yi maka, sai ka ce "I got my head shaved". Ginin shi ne: "get", sai abin, sai aikatau a sigarsa ta uku, irin su "shaved" da "fixed". Ma'anarsa an yi maka, ko ka sa an yi. Duba yawan wuraren da rayuwarmu a nan take bukatarsa. "I got my iqama renewed", an sabunta min igama, wato takardar izinin zama, domin kafili, wato uban gidan da ya tsaya wa baƙo, ko kamfani ne ke yi. "I need to get my car fixed", ina so in kai mota gyara. "Get this paper stamped", je a buga maka hatimi a takardar nan. Rabin zirga-zirgar baƙo a ƙasar waje sa wani ya yi maka abu ne, kuma wannan ginin shi ne harshensa.

Idan mutum ne ya biyo bayan "get", sannan "to" da aikatau, an shiga shawo kai. "I got him to sign", na lallaɓa shi har ya sa hannu. Ya bambanta da "I made him sign", wanda tilas ne a cikinsa. Mai ba da labarin abin da ya faru tsakaninsa da maigidansa a gaban wani jami'i ya san wanda zai ɗauka, domin ɗaya na nuna fahimtar juna, ɗaya na nuna ƙarfa-ƙarfa.

Akwai wata tagwayen hanya da ko waɗanda suka yi nisa suna ɓacewa a cikinta. "I've got" ba labarin jiya ba ne, duk da kamar shuɗaɗɗen lokaci da ta yi. Ma'anarta ina da. "I've got a fever", ina da zazzaɓi yanzu haka. Likitan da ya ce "Have you got any allergies?" yana tambaya ne ko akwai abin da jikinka ba ya so, abinci ko magani. 'Yan uwanmu da suka taso a Jos ko Kaduna ko Legas ba sa shan wahala a nan, domin Turancin Buroka ya riga ya mayar da "get" mallaka: "I no get money", ba ni da kuɗi. Sai dai su kiyaye, ingantaccen Turanci ba ya yarda da "I get two children" a ma'anar ina da 'ya'ya biyu. Sai "I have" ko "I've got".

Ƙara "to" a kai, sai ta koma dole. "I've got to go", tilas in tafi. Amma "I got to go", ba tare da wannan 'yar "ve" ɗin ba, a asali na nufin na samu damar tafiya. Alhajin da ya ce "I got to kiss the Black Stone" yana ba da labarin ni'ima ne, Allah ya nufe shi da sumbatar Hajarul Aswad duk da cunkoso. Abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne, a saurin magana, musamman a bakin Amurkawa, "ve" ɗin kan faɗi, a ji "I gotta go", kuma dole ake nufi. A nan ba abin da zai cece ka sai yanayin zancen: idan labarin abin da ya wuce ake bayarwa, dama ce, idan mutum na duban agogo, dole ce.

Ɗalibai kan tambaye ni wanne ne daidai tsakanin "got" da "gotten". Duka biyun daidai ne. "Gotten" ita ce tsohuwar siga. Turawan da suka ƙaura Amurka sun tafi da ita suka riƙe, na Ingila kuma suka yar da ita, sai 'yan burbushi kamar "forgotten". Ba'amurke yana cin ribar riƙon da ya yi, domin yana bambance "I've got money", ina da kuɗi, da "I've gotten money", na samo kuɗi. A ɗakin asibiti ɗaya a Jidda za ka iya jin duka biyun. Filifin ta zauna ƙarƙashin Amurka daga 1898 zuwa 1946, Turancin makarantunta ya bi na can. Indiya da Pakistan da Sudan da Najeriya kuwa ta hannun Ingila suka karɓa. Wanda ya yi makaranta a Kano ya riƙe "got" ɗinsa, kunnensa dai ya san ɗayar.

Ita kanta kalmar baƙuwa ce a Turanci, abin da ke ba ɗalibaina mamaki. Mayaƙan teku daga ƙasashen Denmak da Norwe sun fara kai wa Ingila hari a ƙarshen ƙarni na 8, a 866 suka ci birnin York, suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar, aka yi auratayya da cinikayya. A harshensu akwai "geta", samu. Daga nan ta shiga bakin mutanen Ingila, ta fara bayyana a rubuce wajen shekarar 1200, tare da 'yan uwanta irin su "take" da "call" da "want". Masana asalin kalmomi sun bi sawunta har zuwa wani tsohon tushe mai ma'anar cafka, wanda shi ne kuma ya haifi kalmar Latin da ta ba Turanci "comprehend", fahimta. Ashe dangantakar riƙewa da ganewa, wadda ta ruɗi jikan Baffa, ta girmi Turancin kansa.

Bayan 1066, da Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, ya zubo wa Turanci kalmomi irin su "receive" da "obtain" da "purchase" da "arrive". Su ne suka zama kayan ado na takarda, "get" ta zauna a kasuwa da cikin gida. Har yau haka abin yake. A fom, ko a shafin Turanci na wata manhajar hukuma, "obtain a permit" za ka gani. Jami'in da ke gabanka kuwa "get a permit" zai ce. Na san malaman da ke ja wa ɗalibi jan biro a duk inda ya rubuta "get", suna cewa Turancin ragwaye ne. A takardar neman aiki ina tare da su, a zaɓi kalmar da ta fi fayyace nufi. Amma hana ɗalibi ita gaba ɗaya zalunci ne a ganina. An sallame shi da rigar zuwa fada, ba a ba shi ta zaman gida ba, alhali mutanen da zai yi hulɗa da su dare da rana da ita suke magana.

Saura 'yan ƙananan kalmomin da ke manne mata su canza ta ɗungurungum, kuma waɗannan sai hadda da yawan ji. "Get up", tashi. "Get along", zaman lafiya da wani. "Get by", lallaɓa rayuwa da ɗan abin da ke hannu. "Get through", samun mutum a waya, ko tsallake wani mawuyacin hali. "Get rid of", rabuwa da abin da ba a so. "Get away with", yin laifi a sha. "We'll get back to you", wadda duk mai yawon neman aiki ya ji ta, za mu neme ka, kuma ba alkawarin ɗauka ba ne.

Guda ɗaya ce a cikinsu nake so in tsaya a kanta, "get over". A kan ciwo ba ta da aibi: "He got over the flu", ya warware daga mura. A kan baƙin ciki ma ana iya ba da labari da ita, a ce wance ba ta taɓa "get over" rasuwar ɗanta ba, wato har yau abin bai sake ta ba. Amma faɗa wa mutum ita a fuskarsa wani abu ne dabam. Kwanaki wani ɗalibina mai aiki a wani otal a unguwar Ajyad ta Makka ya same ni kafin a fara darasi. Abokin aikinsa ɗan jihar Kerala ta Indiya ne aka yi wa waya cewa mahaifiyarsa ta rasu, ga shi bai samu hutun zuwa jana'iza ba. Yaron nan yana so ya yi masa ta'aziyya da harshen da suke magana da shi. Ya duba waya, ya haɗa abin da yake ganin shi ne "a yi haƙuri", ya kawo mini in duba. Ya rubuta, "My brother, get over it."

Na ce masa, "Alhamdu lillahi da ka fara biyowa ta nan." A kunnen mai jin Turanci wannan jimla na nufin ya isa haka, daina damun mutane da kukanka. Haƙurin da muke ba wa mai makoki addu'a ce da tarayya cikin rashi, ba umarni ba ne a share hawaye. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, me zan ce masa?" Na ce ya ce, "I am very sorry for your loss." Idan yana so ya ƙara, ga "get" ɗin da ta dace da wurin: "May God help you get through this", Allah ya ba ka ikon jure wannan. Ya sa na maimaita masa sau uku, ya rubuta a tafin hannunsa da biro, ya nemi izinin tafiya tun ba a fara darasi ba, domin abokin nasa ƙarfe goma yake tashi daga aiki.